Za a shigar da ni wurin mawaƙin da nake ƙauna bayan wasan Sallah, yaya ya kamata in yi?

Bazazzagi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mawaƙa. Akwai wani mawaƙin Hausa na zamani da nake bibiyar waƙoƙinsa tun ina makarantar sakandare, har ta kai da wuya a sa waƙarsa ban bi ta baiti-baiti ba, amma ban taɓa ganinsa ido da ido ba. A wasan Sallah mai zuwa zai zo Zariya, kuma wani abokin yayana da ke cikin masu shirya taron ya yi mini alkawarin shigar da ni inda mawaƙin yake hutawa da zarar an tashi, don mu gaisa. Shin ya dace in riƙa masa wani abu, ko kuwa hakan zai zama raini tunda ya fi ni abin hannu nesa ba kusa ba? Ina kuma da wasu baitoci da na rubuta waɗanda nake so ya duba, sai dai ina tsoron kada ya ɗauke ni cikin masu zuwa neman alfarma.

Mai Sauti daga Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina haɗa kayan sauti a wuraren gala da bukukuwa, saboda haka bari in fara gaya maka abin da za ka tarar. Sau da yawa wurin da kake zato ɗakin hutu ne ba ya wuce wani ɗan ofis mai kujerun roba, wani lokacin ma cikin mota ne. Za ka iske mutumin ya jiƙe sharkaf da gumi, ya cire babbar rigar da ya hau dandamali da ita, muryarsa ta dishe, yana kurɓar ruwan ɗumi. A gefe guda manajansa na can yana ja-in-ja da masu shirya taro a kan cikon kuɗi, yaransa kuma sun zazzage jaka a ƙasa suna ware kuɗin liƙi, ga mutane cunkushe a bakin ƙofa kowa yana cewa shi ɗan'uwansa ne.

Abin da zai ba ka a wannan hali bai wuce minti biyu ko uku ba, don haka ka yi sallama, ka yi masa sannu da aiki, ka faɗi sunanka da unguwarku, sa'an nan ka ambaci waƙa guda ɗaya tak, ka faɗi abin da ta yi maka a rayuwa. Kalmar "ni masoyinka ne" ya ji ta har ta gundure shi, amma na sha ganin mawaƙi ya ajiye wayarsa ya ɗago kai saboda wani ya tuna masa da tsohon baitin da shi kansa ya manta. Kada ka tsaya rera masa waƙarsa. Idan kana son hoto ka nemi izini, wayarka a shirye, kuma kada ka ɗauki bidiyo a ɓoye.

Baitocinka kuwa ka bar su a aljihu. Mawaƙa da yawa suna gudun karɓar rubutun wani, domin gobe idan suka fitar da waƙa mai kama da shi sai a ce sata suka yi. Ka karɓi lambar manajan, ka bi ta nan daga baya. Kyauta ma a ganina ba dole ba ce.

Dattijo daga Funtuwa ya amsa:

Yaro, duk abin da Malam Mai Sauti ya faɗa gaskiya ne, in ban da maganar kyauta. A al'adarmu mawaƙi ba shi ake yi, kuma ba a taɓa cewa sai wanda ya fi shi dukiya zai ba shi ba. Marigayi Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa da ya zauna a nan garinmu, sarakuna da attajirai sun yi masa kyautar motoci, Jami'ar Ahmadu Bello ta can garinku ta ba shi digirin girmamawa a 1988, amma duk da haka talaka yakan kai masa goro. A wancan zamani, kafin rasuwarsa a 1999, ba mu san wani ɗakin bayan dandamali ba. A fili ake kiɗa, jama'a sun yi da'ira, wanda yake son gaisawa da mawaƙi kuma sai ya bari gari ya waye ya same shi a masaukinsa, lokacin da ya huta, hankalinsa ya dawo jikinsa. Da za ka iya roƙon abokin yayan naka ya yi maka irin wannan hanya, da ta fi ta daren amfani.

Ka riƙa masa hula ko turare. Shekara da shekaru kana jin daɗin waƙarsa, yaba kyauta kuwa tukwici. Sa'an nan kada ka tsallake mutanensa. A da, wanda ya san kan abin yakan fara gaida makaɗan kalangu da 'yan amshi da sanƙira, domin sanƙira ne yake kai sunan mutum kunnen maigida. Yau an koma fiyano da kwamfuta, amma har yanzu yaran mawaƙi su ne ƙofarsa, kuma suna lura da wanda ya wuce su ko sallama babu.

Bamaraɗiya ta amsa:

Baba ya yi magana, ni dai ƙari zan yi. Wani mawaƙi daga Nijeriya ya taɓa zuwa wasa Yamai, ni da yayana muka samu aka shigar da mu bayan an tashi. Na tanadi maganganu da yawa, amma da muka gaishe shi bai ko dube mu sosai ba, ya amsa a taƙaice, ya tsaya aka ɗauki hoto, aka ce mu ba na baya wuri. Na daɗe ban sake kunna waƙarsa ba saboda haushi, sai daga baya na ji cewa a daren suka kama hanyar Damagaram domin wani wasan. Ka shirya wa irin wannan, ɗan'uwa, har ma da yiwuwar ba za a bar ka ka shiga ba, domin mai shirya taro ba kullum yake da iko da ƙofar mawaƙi ba. Duk wanda kuma ya tare ka a waje ya ce ka ba shi kuɗi ya shigar da kai, kada ka ba shi ko sisi.

Bazazzagi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ajiye baitocin, kuma zan tambayi abokin yayana ko za a iya ganinsa da safe a masauki. Na fi karkata ga hula, sai dai ban san lambar kansa ba.

Mai Sauti daga Kaduna ya amsa:

Ka tambayi manajan ta hannun abokin yayanka, domin shi ne yake karɓo masa ɗinki, ba zai rasa sani ba. Idan amsa ba ta zo ba kafin Sallah, ka sayi turare. Idan kuma kuɗi ka ga za ka bayar, ka sa su a ambulan ka miƙa, domin dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta haramta liƙa naira a wurin taro, hukuncinta ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.