Abin taɓawa na turarawa maimakon suya: alale, alkubus da dambu

Maman Ilham, Jekadafari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman abin taɓawa da za a riƙa yi a gida ana sa wa yara a kular makaranta, manya ma su ci da la'asar, ba sai an ɗora kaskon suya kullum ba. Fanke da cincin da ƙosai sun yi yawa, ga man gyaɗa ya yi tsada. Hankalina ya fi karkata ga alale da alkubus da dambu. Don Allah masu sani ku ba da ma'auni takamaimai, ban da "ki zuba daidai misali". Me ke hana alale kamawa? Me ke sa alkubus nauyi da tsami? Kuma mai nawa za a rage abin bai lalace ba?

Adda Hauwa, Pantami:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Bari in ɗauki alale, don shi ne ya fi ba mutane wahala, kuma kusan duk matsalarsa daga ruwa take.

Ki auna farin wake gwangwanin madara 3. Ki jiƙa shi minti 5 kacal ki surfa. In ya daɗe a ruwa kafin surfe, ɓawon yana manne wa ƙwayar ya ƙi fita. Bayan kin wanke shi tas sai ki sake jiƙa shi awa ɗaya, don ya yi laushin da zai niƙu sumul. Ki haɗa da tattasai 3, attaruhu 2, albasa babba ɗaya, da ɗan yankin ɗanyar citta.

Ruwan da zai shiga wannan waken gaba ɗaya, har da na markaɗe, kada ya wuce gwangwani 4. A wurin mai inji ake cin amanar wannan lissafi, domin yakan kwarara ruwa ya ɗauraye injinsa a cikin ƙullinki. Ki ba ɗan aike gwangwani 2 na ruwa ya tafi da shi, na ɗauraya kuma a tara shi a wani kwano daban. Sauran sai ki ƙara a gida, mai ɗumi, kaɗan-kaɗan. Ƙullin ya fi na ƙosai ruwa, amma in kin tsoma ludayi kin ɗago ya kamata ya lulluɓe bayansa kafin ya zube.

Mai cokali 4 na cin abinci ya isa, manja ko man gyaɗa, kuma ba sai an soya shi ba. Masu zuba rabin kofi laushi suke nema, alhali bugu ne ke kawo laushin. Ki buga ƙullin da muciya ko ludayi minti 5 cur har ya yi haske ya ɗan tashi, sannan ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya da dunƙule ɗaya. In kina da dakakken busasshen kifi ko kirafish cokali 2, dunƙulen ma ba dole ba ne. Dafaffen ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya, sai bayan an zuba ƙulli a mazubi ake saka su.

Ki shafa wa mazubin mai, ki cika kashi uku cikin huɗu. Ruwan tukunya ya tafasa kafin ki jera, kuma kada ya taɓa gindinsu: ki shimfiɗa karan dawa ko ki kifa faranti mai huji a ƙasa. Wuta matsakaiciya, minti 45 zuwa 50. In ruwa ya ƙone ki ƙara tafasasshe ta gefe, na sanyi yana katse tururi ya bar tsakiyar ɗanye. Ki soka tsinke, in ya fito ba ƙulli ki sauke, ki bar shi minti 10 kafin ki juye. Alalen da aka juye da zafinsa yakan yi kamar bai nuna ba, alhali shan iska kawai yake jira.

Ƙullin wake kuma ba ya jira. A zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, awa biyu a ajiye ya isa ya fara kumfa da tsami, kuma ba abin da zai gyara shi.

Bappa Mai Hatsi, Tudun Hatsi:

Hajiya, ƙari a kan maganar Adda. Ki shinshina waken kafin ki biya. Wanda ke warin maganin ƙwari ki bar shi komai arharsa, ki tambayi wanda aka adana a buhun PICS mai leda biyu a ciki, shi ba a sa masa magani.  Alkamar alkubus kuwa a wanke, a shanya ta bushe ƙarau kafin a kai niƙa, in da damshi garin zai dunƙule ya yi wari. Kada a tankaɗe dusar duka, ita ce amfanin.

Ummu Sadik, Bolari:

Alkubus: garin alkama kofi 2, fulawa kofi 2, yis ƙaramin cokali 2, sukari ƙaramin cokali ɗaya don ya tayar da yis ɗin, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, mai cokali 2. Ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi, a ƙara kaɗan in alkamar ta shanye. Ɗumin da yatsa zai jure ake so, ruwan zafi yana kashe yis. Kwaɓin ya fi na fanke tauri, yana jan hannu. Alkama zalla ta fi amfani a jiki amma tana fitowa da nauyi, yara kan ture ta, shi ya sa nake ganin a fara da rabi da rabi, a riƙa rage fulawar a hankali.

A rufe ya ninka girmansa: minti 40 zuwa awa ɗaya da zafi, da hunturu zai iya kaiwa awa biyu. Tsamin da kike tambaya daga wuce lokaci ne, in ya tashi har ya faɗa ya riga ya yi tsami. Nauyi kuma ko yis ya mutu, ko kwaɓi ya yi tauri, ko gumin murfi ya ɗiga a kai. Ki naɗe murfin tukunyar da tsumma mai tsabta ya tare gumin. Rabin mazubi za ki zuba, ki bari minti 10 ya sake ɗagowa, ki turara minti 25 ba buɗewa.

Wasu za su ce ki sa ruwan kanwa ya kashe tsamin. Yana kashewa, amma kanwa tana lalata sinadarin bitamin B1 da ke cikin alkama da wake, kuma tana ƙara wa abinci sodiyam, wanda mai hawan jini ke gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da na miya da na dunƙule. Gara a kula da lokacin tashi a bar kanwar.

Goggo Dija, Kumbiya-Kumbiya:

'Yata, kanwa ɗan kaɗan a tubani ba ta da makawa, ita ke ba shi launi da danƙo, amma a alkubus na yarda da Ummu Sadik.

Dambu turara biyu ake masa. Tsakin masara ko ɓarzajjiyar shinkafa gwangwani 4, a wanke a tsane a kwando har ruwa ya daina ɗiga. A zuba a madambaci ba dannawa, a toshe tsakaninsa da tukunya da jiƙaƙƙen tsumma don kada tururi ya tsere ta gefe. Minti 25 a sauke, a juye a faffaɗan kwano a warware. Sai a zuba zogale wankakke cikin hannu 4, albasa 2, attaruhu, dakakkiyar gyaɗa gwangwani ɗaya, gishiri, a yayyafa ruwa rabin gwangwani, a mayar minti 20. In kin damƙa ya dunƙule sannan ya warware da kin taɓa shi, ruwan ya yi daidai. Ya caɓe, ba a tsane ba ne. Ya yi tsaki-tsaki a baki, yayyafin ya yi kaɗan. Gyaɗar nan tana da mai a jikinta, cokali 2 na mai a ƙarshe ya wadatar. Acha ta fi saurin nuna, minti 15 kowace turara, sai dai a rege ta da kyau saboda yashi.

Kuma don Allah a daina ƙulla alale a farar leda. Ba don a dafa abinci mai mai a cikinta aka yi ta ba. Ga ƙananan kofunan silba, ga ganyen ayaba da ake ɗan gasawa a wuta ya yi laushi. Gwangwanin da ya fara tsatsa a yar da shi.

Maman Ilham, Jekadafari:

Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya: za a iya yi da dare a sa wa yara da safe?

Adda Hauwa, Pantami:

Alkubus yana kwana lafiya a rufe, da safe ki turara shi minti 5. Alale da dambu mai zogale kada su wuce awa 2 a waje bayan sun sauka. In akwai firji mai sanyi ki sa su da sun huce, da safe ki sake turarawa minti 10 har tsakiya ta yi zafi, ki ɗauraye kular da ruwan zafi kafin ki zuba. In wutar lantarki ba ta da tabbas, ki surfa waken da yamma ki shanya shi ya bushe, a niƙa miki gari. Da asuba ki kwaɓa gwangwani 3 na garin da ruwan ɗumi gwangwani 4, ki bar shi minti 20 ya jiƙa, ki zuba jajjagenki, ki buga, ki ɗora.