Kyan ƙananan garuruwan Amurka: gado ne ko kwalliyar 'yan yawon buɗe ido?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Hajiya Maman Ummi, na ga hotunan da kika sa mana na garin Woodstock na jihar Vermont, ga farar coci mai dogon tsini, ga gadar katako mai rufi, ga ganyen kaka ya yi jawur, kika ce wannan ce Amurka ta asali. Ki yi haƙuri, ban yarda ba. Tuƙin tirela nake yi, ƙananan garuruwa nake ratsawa tun daga Ohio har Nebraska. Abin da idona ke gani shi ne gidan mai, shagon Dollar General, tankin ruwa da aka rubuta sunan gari a jikinsa, rumbun hatsi na siminti a bakin layin dogo, sai babban titi da rabin shagunansa an toshe tagoginsu da falanki. Irin su Woodstock masu kuɗi ne suka yi musu kwalliya don baƙi su zo su ɗauki hoto.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Haba Baban Sadiq, mutane kusan 3,000 ke zaune a garin nan, suna haihuwa suna binne matattunsu. Asibitin da nake aiki ba shi da nisa da can, marasa lafiyata da yawa 'yan yankin ne. Yaya za ka ce musu kwalliya?

Baban Sadiq: To ki duba hotonki da kyau, ki nuna min wayar lantarki ɗaya a tsakiyar garin. Babu. Attajirin nan Laurance Rockefeller ne ya biya aka binne su a ƙasa, shi ne kuma ya gina babban otal ɗin garin a 1969. Ita kanta gadar da kika tsaya a kanta, a 1969 aka yi ta, ta ƙarfe ce a wurin kafin nan. Sabon abu aka yi da kamannin tsoho. Kuma wannan mai sauƙi ne. Garin Leavenworth na jihar Washington da ya ga yana mutuwa bayan aikin katako ya ja baya, sai ya sake fuskar gine-ginensa kaf a shekarun 1960 ya koma kamar ƙauyen Jamus. Helen ta jihar Georgia ma haka ta yi a 1969.

Malam Na-Zariya: Ku bari in sa baki, don maganar ta taɓa abin da na daɗe ina karantarwa. Baban Sadiq yana da gaskiya fiye ma da yadda yake zato a kan abu ɗaya. Wannan filin ciyawa na tsakar gari da ake yi wa kallon tun fil azal haka yake, a zamanin Turawan farko makiyaya ce ta kowa da kowa, wurin atisayen mayaƙan sa-kai, cike da taɓo da kashin shanu. A ƙarni na 19 ne aka fara ƙungiyoyin gyaran gari, ta farko da aka sani ita ce Laurel Hill ta garin Stockbridge a Massachusetts, 1853. Su suka shuka itatuwa, suka yi shinge, suka share hanyoyi. Farin fentin ma da ya zama tambarin yankin su Vermont, a wannan ƙarnin ya yaɗu. Gidaje da wuraren ibada na farko da yawa ba farare ba ne, wasu ko fenti babu.

Amma daga nan zuwa cewa duk abin ƙarya ne, akwai tazara. Ku ɗauki Galena ta jihar Illinois. Haƙar dalma ta ɗaga ta, a tsakiyar ƙarni na 19 mutanenta sun kai wajen 14,000, jiragen ruwa na zuwa har bakin gari, Ulysses Grant ya zauna can kafin ya zama janar. Da dalma ta faɗi, kogin ya cike da laka, sai jama'a suka watse, yau ba su wuce 3,000 da ɗoriya ba. Babu wanda ke da kuɗin rushe tsofaffin shagunan jan bulo ya gina sababbi, shi ya sa suka tsira. Talauci ne ya adana Galena, ba Rockefeller ba.

Ɗan Maraɗi: Allah ya gafarta Malam, to ke nan ko kuɗi ya yi yawa ko ya yi ƙaranci, gari na tsaka-tsaki ba ya kyau?

Malam Na-Zariya: Kusan haka ya faru, ɗana. Garin da yake da ɗan abin hannu a shekarun 1950 da 1960 shi ya fi ɓarna, don shi ya iya rushe tsohon otal ya yi filin ajiye motoci, ya lulluɓe fuskar shaguna da kwano. Sai a 1966 aka yi dokar tarayya ta kare wuraren tarihi, lokacin an riga an yi asara mai yawa.

Ni a ganina abin da ke kama zuciyar baƙo bai tsaya ga fenti ba. An gina garuruwan nan ne kafin mota, da awon ƙafar mutum. Shago manne da shago, bene biyu ko uku, ƙasa ciniki sama wurin kwana, ƙofa tana buɗewa kai tsaye kan hanyar masu tafiya da ƙafa. A Kudu da tsakiyar ƙasar kotun gunduma ce ke tsakiya, da agogo a hasumiyarta, banki da kantin magani da shagon aski sun kewaye ta. Kamar yadda a garuruwanmu fada da masallacin Juma'a da kasuwa ke haɗuwa a dandali ɗaya, duk wanda ya fito sai ya bi ta nan. Ga ɗakin karatu, da yawansu da kuɗin attajiri Andrew Carnegie aka gina, ya yi sama da 1,600 a faɗin ƙasar. Ga baranda a gaban kowane gida tana kallon titi. Abin takaici, a wurare da yawa dokar tsara gari ta yanzu ba za ta bari a sake gina irin wannan titin ba, saboda tana tilasta wa kowane shago ya ja baya ya tanadi wurin fakin.

Maman Ummi: Na gode Malam. Ni kuma bari in faɗi abin da hoto ba ya ɗauka. A Vermont, Talatar farko ta watan Maris ranar taron gari ce. Na zauna a irin wannan taron a ƙauyen da nake haya. Ɗakin wasannin makarantar firamare ne, an jera kujerun ƙarfe masu naɗewa, kowa ya shigo da takalmin dusar ƙanƙara yana ɗigar ruwa a ƙasa. An raba ɗan littafin kasafin kuɗin gari, layi-layi, har kuɗin gishirin da ake zubawa a hanya da hunturu. Wani dattijo mai kiwon shanun madara ya miƙe, hularsa a hannu, ya ce bai ga dalilin sayen sabuwar motar kwashe ƙanƙara ba tunda tsohuwar za ta gyaru. Mai kula da hanyoyi ya tashi ya lissafa masa abin da gyaran ya ci bara. Aka yi ta kai-komo, shugaban taro ya ce masu goyon baya su amsa, masu ƙi su amsa, aka wuce. Da rana aka ci abincin da mata da maza suka dafo daga gida, dattijon nan da mai kula da hanyoyi a teburi ɗaya. Watan Maris ne fa, lokacin taɓo, ba baƙo ko ɗaya a gari. Wa ake yi wa wannan kwalliyar?

Kuma rashin allunan talla a hanyoyin jihar ba kyautar attajiri ba ce. Majalisar jihar ce ta haramta su a 1968.

Baban Sadiq: Ta haramta su ne don ta san kyan gani shi ne jarinta, Hajiya. Ban musa taron gari ba, abu ne mai kyau. Amma tambayata: mai gyaran gado a otal ɗin Woodstock, a ina take kwana? Gidajen da ke kewaye da filin nan, nawa ne na mutanen Boston da New York da ke zuwa hutun ƙarshen mako? A 2023 garin Pomfret da ke maƙwabtaka sai da ya rufe wata hanya ga baƙi a lokacin kaka, saboda masu ɗaukar hoton Instagram sun hana mazauna sakat, suna shiga gonar mutane ba izini. In gari ya kai ga haka, kyan nasa ya zama haja.

Auta: Yaya Baban Sadiq, ni ina ganin kana auna garuruwan da kake ratsawa ne daga bakin babbar hanya, inda tirela ke iya tsayawa. Gidan mai da Dollar General ai dama can ake kai su. Garin da nake karatu a Iowa, in ka baro babbar hanyar ka shigo ciki da daren Juma'a a lokacin kaka, za ka tarar da gari kaf a filin makarantar sakandare ana kallon ƙwallon Amurkawa, 'yan badujalar makaranta na busa, iyaye na sayar da gugguru don tara kuɗin kayan wasa. 'Yan kwana-kwanansu duk 'yan sa-kai ne, mai gyaran famfo da malamin lissafi, in jiniya ta yi kuka su bar abin da suke yi su ruga. A faɗin Amurka kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara haka suke. Garin ba shi da kyan da za a sa a kalanda, amma ni shi nake kira na gargajiya.

Baban Sadiq: To ai kin dawo kan maganata ƙanwata. Na gaskiyar ba ya shiga kalanda.

Auta: A'a Yaya, kai cewa ka yi ya mutu, an toshe shi da falanki.

Malam Na-Zariya: Wasu sun mutu ɗin, kuma an san abin da ya kashe su. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta ɗauke motoci daga tsakar gari. Seligman ta jihar Arizona a kan tsohuwar hanyar 66 take, a 1978 sabuwar hanya ta kewaye ta, ciniki ya tsaya cik. Wani mai aski ɗan garin, Angel Delgadillo, shi ya tara mutane a 1987 suka kafa ƙungiyar raya hanyar, yau baƙi daga ko'ina suna zuwa. Baban Sadiq zai ce haja ce. Ni zan ce ɗan gari ne ya ƙi barin garinsu ya mutu da abin da ya rage a hannunsa. Sannan manyan kantuna suka ƙarasa aikin. Sam Walton kansa ƙaramin shago yake da shi a dandalin Bentonville tun 1950, kafin ya buɗe Walmart na farko a Rogers a 1962, a ƙarshe irin kantinsa ya kwashe cinikin dandali a garuruwa marasa adadi.

Ɗan Maraɗi: Ni duk ba wannan ya dame ni ba. Ana ta cewa Amurka ta asali, ta gargajiya. Ta wa? Ni a North Carolina nake, abokan aikina baƙaƙen fata 'yan ƙasa sun ba ni labarin garuruwan da kakanninsu ba sa bari rana ta faɗi musu a ciki. Wasu har allo suke kafawa a bakin gari suna gargaɗin baƙar fata. Kuma ba a Kudu kaɗai ba, Anna ta Illinois tana cikin waɗanda suka yi ƙaurin suna. Daga 1936 wani ma'aikacin gidan waya a New York, Victor Green, ya riƙa buga kundin wuraren da baƙar fata matafiyi zai iya cin abinci ya kwana lafiya, aka ci gaba da buga shi har zuwa shekarun 1960. Shirun nan da tsabtar nan da ake yabo, a wasu garuruwan korar mutane aka yi kafin a same su. A dandalin kotuna da yawa na Kudu har yanzu mutum-mutumin sojan da ya yi yaƙin kare bauta ne a tsaye. Hajiya, jihar da kike kusan kashi 90 cikin 100 fararen fata ne. Ba ki taɓa jin an bi ki da ido ba?

Maman Ummi: An bi ni mana, da hijabina kuwa. Ba zan ɓoye ba. Akwai wadda ta ƙi in auna mata jini ta ce a kira wata. Akwai kuma maƙwabcin da ke zuwa da asuba ya kwashe min ƙanƙarar ƙofar gida don kar in makara aiki, bai taɓa karɓar sisi ba. Duk a gari ɗaya. Maganarka gaskiya ce ƙanena, tarihin nan ya faru. Amma kar ka bar wa masu allon gargaɗi ƙaramin gari su kaɗai. Nicodemus ta Kansas baƙaƙen fata ne suka kafa ta a 1877 bayan 'yantar da bayi, Eatonville ta Florida da Mound Bayou ta Mississippi a 1887. Da cocinsu da makarantarsu da barandarsu. Nicodemus yanzu mutane kaɗan suka rage, amma duk ƙarshen watan Yuli jikoki na dawowa gida daga birane a yi fareti. Me ya sa in an ce garin gargajiya ba a sa hotonsu?

Ɗan Maraɗi: Tambayar da nake yi ke nan Hajiya. Wa ke zaɓar hoton?

Malam Na-Zariya: Masu kalanda da masu fim, da Walt Disney. Titin shiga Disneyland, wurin shaƙatawarsa da aka buɗe a 1955, an tsara shi ne da tunanin Marceline ta Missouri inda ya yi ƙuruciya, amma an ƙanƙance benayen sama, an cire ƙura da kashin doki da mashaya. Miliyoyin mutane can suka fara ganin ƙaramin garin Amurka, sai suka fita nemansa.

Auta: Malam, akwai kuma wanda ba a fara ɗaukar hotonsa ba tukuna. Storm Lake a nan Iowa, masana'antar nama ta jawo 'yan Meksiko da 'yan Laos da 'yan Sudan, su ne suka karɓi shagunan da aka rufe, 'ya'yansu ne suka cika makarantu. Faretin 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, suna ciki da tutocinsu.

Baban Sadiq: Na san garin, na sha ɗaukar kaya a yankin. Warin mayanka kaɗai ya isa ya hana shi shiga kalanda. Amma shaguna a buɗe suke, wannan na shaida. Hajiya, har yanzu ba ki amsa min ba fa. Mai gyaran gadon otal a ina take kwana?

Maman Ummi: Ba a cikin gari ba, mafi yawansu daga nesa suke tuƙo mota, kamar yadda mu ma'aikatan jinya muke yi. Hayar gida ta fi ƙarfinmu. Wannan na ba ka. Amma maganar ta je gaban taron gari, an yi faɗa a kan dokar gidajen da ake bai wa baƙi haya na kwana biyu uku, kuma mazauna ne ke kaɗa ƙuri'a a kai, ba masu zuwa hutu ba. Ka zo a watan Maris ka zauna a kujerar baya ka saurara, ba a hana baƙo shiga, magana ce kawai sai an ba ka izini.