Sandar kyamara: mai kilif ko mai murɗawa? Kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai tambaya, Kano

Assalamu alaikum. Shekara uku ina ɗaukar hoto da hannu ban taɓa neman madogara ba, sai bana da na sayi lensi mai jawo nesa, 70-200, na hannu. Ranar Hawan Daushe ya nuna mini iyakata. Tun bayan azahar nake tsaye a Ƙofar Kudu, lensin kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, kafin a fara jahi hannuna rawa yake yi. Hotunan da na fi ƙwallafa rai a kansu su ne suka fito dishi-dishi. Madogara mai ƙafa uku kuwa babu inda za ka kafa ta a wannan cunkoso. Shi ya sa nake son sayen sanda mai ƙafa ɗaya, wato monofod. Na ga iri biyu: wadda ake ɗame gaɓoɓinta da kilif, da wadda ake murɗawa. Don Allah wanda ya yi aiki da su ya gaya mini abin da ya gani da idonsa, domin kuɗin guda ɗaya kawai nake da shi.

Tsohon mai hoton ƙwallo, Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗana. Ni mai kilif nake riƙewa tun zamanin fim, kuma da ita na ci gaba. A bakin fili ba ka da lokacin murɗe-murɗe. Yanzu kana durƙushe bayan raga, an jima an busa kwana ka miƙe tsaye, dole tsawon sandar ya canza cikin ƙiftawar ido. Ka ɓalle, ka ja, ka maida, shi ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne da ido za ka san ko a kulle take, kilif ɗin ko yana kwance ko yana tsaye.

Aibinta ɗaya na sani: tana sakin jiki da tsufa. Wata rana a tsakiyar wasa na ji kyamara tana sauka a hankali kamar ana jan ta, ashe gaɓar tsakiya ce ke zamewa. Kowane kilif na kirki yana da ɗan noti a gefe, da na koma gida na ɗan ɗaure shi da alanki, ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa na ɗaure noti, ta dawo daidai. Tun daga ranar alankin yana cikin jakata. In ka ga sanda da kilif ɗinta ba shi da wannan notin, an dai manne shi kawai, bar musu kayansu.

Mai hoto daga Agadas

Baba, gaskiyarka a fili mai ciyawa, amma mu nan rairayi ne abokin zamanmu. Na je Ingal bikin makiyaya na Cure Salée da mai kilif, kwana uku ina bin raƙuma. Da na dawo, in na ja gaɓa sai in ji ƙaras-ƙaras, ƙasa ta shige ƙarƙashin maɗaurin tana cin jikin bututun. Na hure, na goge, ba ta fita duka ba.

Mai murɗawa ma ƙura na shigarta, kada wani ya ruɗe ka. Bambancin shi ne ita da hannunka za ka warware ta. Ka murɗe zoben har ya fita, ka zaro gaɓar, za ka tarar da wasu 'yan robobi guda biyu siraran gaske a kan bututun. Ka shimfiɗa farin ƙyalle ka jera su yadda ka ciro su, don in ɗaya ya ɓata sandar ta tashi aiki. Ka wanke zaren murɗin da tsohon buroshin goge baki, ka bari ya bushe, ka shafa giris ɗan kaɗan a zaren kawai, ban da jikin bututun. Ni duk ƙarshen hunturu nake yi mata haka, kuma har yau tana kamawa kamar sabuwa. Kano ma ai kun san ƙurar hunturu, balle ta kofaton dawaki ranar hawa.

Maganar sauri kuma, in a naɗe take zobban duk suna jere wuri ɗaya, da tafin hannu ɗaya nake kama su in murɗa gaba ɗaya, gaɓoɓin su zazzago ƙasa da kansu.

Mai bidiyon biki, Zariya

Yaya, ni aikina cikin mata ne, kamu da wuni da walima. Na fara da mai kilif na bar ta saboda abu biyu. Na farko ƙara: ana tsaka da wa'azi wajen walima, ka ɓalle kilif ya ce ƙwas, makirfon ya ɗauka, kowa ya waiwayo. Na biyu, kilif yana kama kaya. Ya taɓa kama mayafin ƙawar amarya ya ja zare, kunyar da na ji ranar Allah kaɗai ya sani. Mai murɗawa jikinta sumul, tana shiga jaka ba ta maƙale ko'ina.

Tawa irin mai 'yan ƙafafu uku ce a gindi, tana taimakawa sosai wajen juya kyamara a bidiyo. Amma don Allah kada ka yarda ka sake ta tsaye ita kaɗai da kyamara a kai. Na taɓa yi don in gyara fitila, wani yaro ya gifta da gudu, Allah ya sa ƙanena yana kusa ya cafe.

Mai hoton tsuntsaye, Bauci

Kafin makulli ka duba tsawo. Ka miƙe ta duka, ka ɗora kyamara, in sai ka sunkuya kafin idonka ya kai, bayanka ne zai biya. Ka duba yawan gaɓoɓi ma. Mai gaɓa shida tana naɗewa ƙarama, amma makullai biyar za ka buɗe, kuma gaɓar ƙasa siririya ce. A Yankari da lensi 150-600 mai gaɓa huɗu nake amfani, in ba na buƙatar tsawon duka sai in bar siririyar a ciki. Kuma a zoben da ke kewaye da lensin, wanda aka yi don ɗaura madogara, za ka ɗaura sandar, ba a gindin kyamara ba, in ba haka ba nauyin zai rinjaya gaba.

Mai gyaran kyamara, Sabon Gari

Malam, duka biyun suna zuwa teburina. Mai kilif, roba ce ke tsagewa, musamman in an bar ta a bayan mota rana ta gasa ta, kuma samun irin kilif ɗin a kasuwa wahala ne. Mai murɗawa kuwa masu ita ne ke kashe ta. Kwatan juyi ya isa ta buɗe, kwata ya isa ta kulle, amma sai mutum ya murɗe da ƙarfi kamar yana ɗaure tayar mota. Wasu kuma su zuba mata baƙin mai, ya tara ƙura ya zama taɓo. In za ka sayi mai murɗawa ka tabbatar bututun ba ya juyawa tare da zoben, masu arha da yawa suna da wannan matsalar. Sannan ka duba notin saman, kyamara da zoben lensi yawanci inci 1/4 ne, kan da ake ɗorawa a saman sandar don juya kyamara kuma 3/8. Sanduna da dama notinsu ana juya shi ya ba ka duka biyun. Alminiyam ta fi arha, in ta bugu lotsewa take yi, ta kabon ta fi rashin nauyi amma in ta tsage sai dai wata.

Mai tambaya, Kano

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na je shago da kyamarar da lensin, na gwada guda huɗu. Kowace na miƙe ta, na kulle, na danna da nauyina. Biyu sun zame nan take, ɗaya mai kilif ɗaya mai murɗawa. Na ɗauki mai murɗawa ta alminiyam mai gaɓa huɗu, saboda maganar ƙurar da ɗan'uwanmu na Agadas ya yi, ita ce ta fi kama da inda nake aiki. Baba na Kaduna, a yi mini afuwa, hannuna har yanzu bai kai saurin da kuka kwatanta ba, sau biyu na manta zoben ƙasa a buɗe. Ɗan'uwa na Agadas, wane irin giris kake shafawa, kuma a ina kake samunsa?