Ciwon ƙurar asbesto: waɗanda suka nemi diyya, ku faɗa mana yadda kuka yi

'Yar Zazzau, Birmingham

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu ne ba lafiya. Numfashi ya dinga yi masa wuya, aka zuƙe masa ruwa a ƙirji, aka ɗebi ɗan nama aka gwada, likita ya ce mesotiliyoma ce, sankarar tantanin da ya lulluɓe huhu. Abin da ya fara tambayarsa shi ne ko ya taɓa aiki inda ake ta'ammali da asbesto, ma'adinin nan da ake sawa a kayan gini irin su sili da kwanon rufi. Baba ya zo karatu a shekarun 1970, kuma don ya riƙe kansa ya yi leburanci a wuraren gini. An ce mu nemi lauya, amma Baba ya ce ciwo daga Allah ne, ba zai kai kowa ƙara ba. Kamfanonin ma sun daɗe da rufewa. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya haska mana.

Baban Khalifa, Manchester

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Mun ga wannan a kan kawunmu.

Kafin maganar lauya, ki zauna kusa da Baba da biro da takarda tun yana da ƙarfin magana. Wane kamfani, wane gari, wace shekara, wane aiki yake yi da hannunsa, an ba su takunkumi ko ba a ba su ba, su wa suka yi aiki tare. Kawu ya ba mu labarin yadda suke ɓanɓaro abin da aka naɗe bututun ruwan zafi da shi, ƙura ta tashi fari fat, ta cika musu gashi da hanci, su karkaɗe riga su ci abinci a wurin. Wannan bayani da ya sa wa hannu shi ya riƙe shari'ar gaba ɗaya, domin kafin a kammala ya rasu.

Rufewar kamfani kuma kada ta karya miki gwiwa. Tun 1972 doka ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata a nan Birtaniya su yi musu inshora, kuma kamfanin inshorar ne ke biya ko da wancan ya mutu. Lauya zai nemo jerin wuraren da Baba ya yi aiki daga hukumar haraji ta HMRC, sannan ya bincika ELTO, rumbun bayanan inshorar ma'aikata, ya gano wa ya yi musu inshora a shekarun. In an rasa, akwai asusun da aka kafa a 2014 don masu mesotiliyoma da ba a gano kamfaninsu ko mai inshorarsa ba.

Wa'adin shigar da ƙara shekara 3 ne daga ranar da aka san ciwon. Amma kada ki dubi shekara 3, ki dubi jikin Baba. Babbar kotu tana hanzarta irin waɗannan ƙararraki, kuma da zarar an tabbatar da alhaki ana fara ba da fam 50,000 kafin a yanke sauran. Da shi muka samo wa Kawu mai jinya da gadon da ake ɗagawa. Ki nemi lauyan da wannan ne fanninsa, ba wanda ya yi muku takardun zama ba.

Malam Na-Sakkwato, Bradford

Ni maganar da Baba ya yi nake so in taɓa, don yayana ma haka ya ce. Gaskiya ne ciwo da ajali na Allah ne. Amma wanda ya ƙaddara shi ne kuma ya shar'anta diyya, har a kisan kuskure, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 92. To ina ga wanda ya san ƙurar tana kisa ya tura mutane cikinta ba kariya? Ingila ba ta hana shuɗin asbesto da mai ruwan ƙasa ba sai 1985, farin kuwa sai 1999, alhali an san illarsa tun da daɗewa. Na ce wa Yaya haƙƙin ba nasa kaɗai ba ne, akwai na matarsa da 'ya'yansa. A nan ya sauko. Ki samu wani babba da Baba ke jin nauyinsa ya yi masa magana, zai fi karɓa daga bakin sa'ansa.

Hajiya Inna, Landan

'Yata, Allah ya ba ku haƙurin jinya. Maigidana ya rasu da wannan ciwo. Abu biyu zan faɗa miki.

Ba sai an je kotu ake samun komai ba. Gwamnati tana biyan kuɗin nakasar da aka samu a wurin aiki, kuma mai mesotiliyoma ana lissafa shi kashi 100 kai tsaye. Akwai kuma kuɗin dunƙule. Wasu daga cikinsu wa'adinsu wata 12 ne kacal, don haka a cike takardun yanzu. In daga baya kotu ta ba da diyya, za a cire abin da aka riga aka karɓa. Kuma ki tambayi mahaifiyarki ko ita ke wanke masa kayan aiki. Ni nake kaɗe nasa a bayan gida kafin in jiƙa, ƙurar na shiga min maƙogwaro. Tsarin kuɗin dunƙule na 2008 ya haɗa da wadda ta kamu ta wannan hanya.

Na biyun shi ya fi yi min ciwo, kuma ba wanda ya gaya mana tun da wuri. Duk wanda ya rasu da ciwon da ake dangantawa da aiki, sai an sanar da jami'in binciken musabbabin mutuwa. Mu kuwa mun saba a yi sutura a kai mutum makwancinsa ba jinkiri. Ranar da ya cika, mutanen masallaci sun taru, mu muna ta waya. Abin da ya taimake mu, an riga an tabbatar da ciwon da gwajin nama tun yana raye, sai jami'in ya yarda aka ba mu shi ba tare da an buɗe gawa ba, zaman bincike ya biyo daga baya. Ba kullum ake dacewa haka ba. Ku yi wannan magana da likita da lauya da limaminku tun yanzu, ko da tana da nauyi a baki.

Ɗan Maraɗi, Marsay

Mu a Faransa hanyar daban ce. An hana asbesto a 1997, aka kafa asusun FIVA na biyan diyyar waɗanda asbesto ya cutar da dokar ƙarshen 2000. Surukina ya yi aikin gyaran jiragen ruwa. Takardu muka tura, ba mu shiga kotu ba. Doka ta ba su wata 6 su yi tayi, in bai yi maka ba ka ɗaukaka ƙara. Wa'adin nema shekara 10 ne, magada ma suna nema. Abin da ke damuna shi ne dattawanmu da suka yi aiki nan suka koma Nijar, suna tari a gida ba su san suna da haƙƙi ba. Wanda ke da irinsu ya adana takardun albashinsu.

Ummu Aisha, Glasgow

Mahaifina tabon ƙurar kawai aka gani a tantanin huhunsa, ba sankara ba. A Ingila tun hukuncin 2007 ba a biyan diyyar wannan, amma Sikotland ta yi dokarta a 2009, kuma ya samu. Inda mutum ya yi aikin yana da tasiri.

Kafinta, Kano

Ina karantawa jikina ya yi sanyi. Tun ina yaron shago muke yanka silin asbesto da zarto, mu huda kwanonsa, mu share garin da tsintsiya. Maigidanmu da ya koya mana aiki ya yi ta tari yana ramewa, aka yi ta ba shi maganin tarin fuka bai ji sauƙi ba har ya rasu. Ba wanda ya tambaye shi sana'arsa. Mu da ba takardar ɗaukar aiki, wa za mu kama?

Baban Khalifa, Manchester

Malam Kafinta, Allah ya jiƙan maigidanku. A Najeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke riƙe da ita, mai kamfani yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. Wanda ya yi aiki a masana'anta ya bi ta nan, ko kotun ma'aikata. Mai aikin kansa irinka hanyar ta fi ƙunci, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ke hannunka: ciwon yakan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ya bayyana, don haka duk ranar da ka je asibiti da tari ko ciwon ƙirji, ka faɗa wa likita da bakinka shekara nawa ka yi kana yanka asbesto, ka ce a rubuta a katinka. In aikin cire tsohon sili ya zo, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungurungum ba fasawa, kada a sa masa injin yanka, kada a share garin a bushe. Kayan aikin kuma kada su shiga gida, kada yaran shago su tsaya a wurin.