Neman kalma: bambancin da ke tsakanin sanamakkin Sudan da na Indiya

1/ Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirya darasi kan tsirran magani, kalmomi biyu sun hana ni sakat: abin da Bature ke kira "genetic diversity" da abokinsa "morphological diversity". Bari in fara da tsiron da ya jawo maganar.

2/ Sanamakki ne, ɗan'uwan filaskon da iyayenmu ke jiƙawa don wankin ciki. Gajeren tsiro mai fure rawaya, yana fitowa da kansa a busassun wurare na Sudan da Masar da ƙasar Larabawa. Na Sudan akasari daga daji ake tsinko shi, kuma a da ta tashar Iskandariyya yake bi zuwa Turai, shi ya sa masanin tsirrai Philip Miller ya raɗa masa Senna alexandrina a 1768. Akwai kuma wanda ake nomawa a Tirunelveli, kudancin Indiya.

3/ In ka zuba su biyun a kan faifai, ido ma ya ishe ka. Ganyen na Sudan gajere ne mai ɗan faɗi, korensa ya yi toka-toka, ka murza shi ya dagargaje nan take. Na Indiya siriri ne dogo, ya fi ɗaukar rawaya, yana zuwa a miƙe bai kakkarye ba. Kwanson 'ya'yan ma haka: na Sudan ya fi faɗi, kuma ya fi ƙarfin sinadarin senosayid mai motsa hanji. Shekaru masu yawa masana na ɗaukar su jinsi biyu, kowanne da sunansa, kafin su amince tsiro ɗaya ne da ya rarrabu.

4/ To wannan rarrabuwar nake nema wa suna. Kalma ta biyun, "morphological diversity", ba ta ba ni wahala ba: bambancin siffa. Tsayin ganye, faɗin kwanso, launi, duk siffa ce, yaro ma zai gane.

5/ Ta farkon, "genetic diversity", ita ce aikin. A rediyo ana cewa "bambancin ƙwayoyin halitta". Ina girmama masu fassarar, amma da wannan kalmar ake fassara sel, wato ɗan ɗakin da jiki ya ginu da shi, da ita kuma ake fassara abin da ake gada. Ɗalibi ya ji ta a darasi biyu da ma'ana biyu, sai ya rikice, kuma laifinmu ne.

6/ Wani malamina ya ce in rubuta "bambancin iri". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kalmar tana da daɗi, don iri shi ne abin shuka kuma shi ne nau'i. Sai dai manomi in ya ji iri, hankalinsa na zuwa kan wanda mutum ya zaɓa ya ajiye a rumbu. Sanamakkin daji babu wanda ya zaɓe shi, fari da rairayi da nisa ne suka tace shi. Wata 'yar'uwa ta kawo "bambancin jini". Ga mutum da dabba ya zauna, tsiro kuwa ba shi da jini.

7/ Ni na karkata ga "bambancin gadon halitta". Gado kaɗai zai kai mutum ga gona da gida, a rubuce ma har wurin kwanciya, amma da an ɗora masa halitta ya tsaya a wurinsa. Kuma kalmar tana koyar da kanta. Ɗebo iri daga wurare biyu masu nisa da juna, ka shuka su a fili ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya. Bambancin da ya ɓace, ƙasa da ruwa ne suka jawo shi. Wanda ya ƙi ɓacewa, 'ya'ya suka fito da shi, jikoki ma, shi ne gadon halitta. Masu bincike haka suke gwadawa, sannan su duba DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon, su tabbatar.

8/ Abin da ya sa na damu: in masu tsinka suka ƙarar da tsiron wani kwari guda, gadon da ke wurin ya tafi, ko da kasuwa na cike da sanamakki. Ina so ɗalibi ya iya faɗin wannan da Hausa a jimla ɗaya.

9/ Saura kalma ɗaya: tsirran jinsi ɗaya da ke zaune a wuri ɗaya suna hayayyafa a tsakaninsu. Na rubuta "zuriyar yanki" da fensir. Mutanen Agadas da Damagaram, ku da kuka fi mu sanin daji, me makiyaya ke cewa?