Me ya sa tsofaffin finafinai ke zama a rai, na yanzu kuma da an gama kallo shi ke nan?

Dan_Kallo

Salam jama'a. Tambaya gare ni ga masu kallon fim da gaske, ba masu kallo suna danna waya ba. Me ya sa in ka kalli tsohon fim, ko da baƙi da fari ne, labarin sai ya zauna maka a rai har ka riƙa tuna fuskar jarumin, amma na yanzu an narka kuɗi, hoto tangaran, sauti kamar zai fasa sifika, bayan kwana biyu ko sunan jarumin ba ka iya tunawa? Marubutan ne suka yi sanyi ko mu ne hankalinmu ya rabu? Ƙanina cewa yake tsofaffin jan rai gare su, wai mutum sai ya yi ta tafiya ba a yanke hoton ba. Ni kuma wlh wannan tafiyar ce ke burge ni.

Mai_Yanka_Hoto

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙaninka bai yi ƙarya ba, abin da ya gani gaskiya ne, fassarar ce muka bambanta. Wani masanin fim na Amurka, David Bordwell, ya nuna cewa finafinan Hollywood na 1930 zuwa 1960 hoto ɗaya yakan kai daƙiƙa 8 zuwa 11 kafin a yanke, daga baya abin ya yi ta raguwa har ya sauko wajen daƙiƙa 3 zuwa 6, finafinan faɗa ma wasu ba sa kaiwa haka. Ka ga idonka bai gama zama a kan abu ba an ɗauke shi.

Ka duba Lawrence of Arabia na David Lean, 1962, wurin da jarumi Omar Sharif ya fara bayyana. Mutum biyu ne a bakin rijiya cikin hamada, can nesa sai wani ɗan ɗigo baƙi yana rawa cikin ƙawalwalniya, babu kiɗa, magana ma kusan babu, ɗigon na ƙara girma a hankali har ka gane mutum ne a kan raƙumi, su suna jira kai ma kana jira, gabanka na faɗuwa alhali ba a yi komai ba tukuna, sannan ka ji harbi. Da yau ne da an sa kiɗan tsoro, an yanka sau ashirin, an nuno idonsa kusa kusa tun kafin ya iso. Jiran nan shi ne labarin.

Ummu_Sinima

Ni a ganina rashi ne ya koya musu dabara. Kafin 1927 da aka fitar da The Jazz Singer fim ba ya magana, dole fuska da hannu da tafiya su faɗi komai, shi ya sa Charlie Chaplin har 1931 ya ƙi sa hira a City Lights duk da kowa ya koma mai magana, kuma har yau ƙarshen fim ɗin na sa mutane hawaye. Sannan daga 1934 zuwa 1968 akwai dokar tace finafinai ta Hays a Amurka, abubuwa da yawa ba a yarda a nuna ba, sai darakta ya rufe ƙofa ko ya juya kyamara gefe, kai mai kallo ka ƙarasa da kanka. Abin da ka ƙarasa da kanka kuwa ba ya barin ka.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Jaws na 1975. Kifin shark na roba mai inji da suka ƙera kullum cikin lalacewa yake a ruwan gishiri, sai darakta Spielberg ya haƙura da nuna shi, ya koma nuna durom masu ruwan ɗorawa suna gudu a saman ruwa da ɗan kiɗan nan na John Williams, sai da fim ya yi nisa sosai ka gan shi da kyau. Yanzu da kwamfuta ke iya zana komai, me zai hana su nuna maka dodon tun minti na biyar har da haƙoransa?

Sarkin_Gardama

Hajiya ki yi haƙuri, ku duka kun manta abu ɗaya. Tsofaffin da kuke yabo zaɓaɓɓu ne, lokaci ya riga ya tankaɗe ya zubar da dusar. A shekarun can ma an yi shirme ba adadi, ba wanda ke tuna su ne kawai. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2013 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace gaba ɗaya. To kuna gwada zakarun shekara hamsin da duk abin da aka saki a wannan watan, ina adalci a nan?

Kuma batun yanka da sauri ba shi ne laifin ba. Mad Max: Fury Road na 2015 yankansa ya haura 2,000 amma ba ka taɓa rikicewa, sbd darakta George Miller ya sa a ajiye abin da ake so ka gani a tsakiyar allo, idonka ba ya yawon nema, matar da ta haɗa hoton Margaret Sixel har kyautar Oscar ta ci. Ga Parasite na Bong Joon-ho, 2019, ba wanda ya tsaya ya yi maka lacca kan talaka da mai kuɗi, matattakala kawai, gidan masu hali kullum hawa ake, na talakawa kullum gangarawa, da aka yi ruwan sama kuwa ka san inda ruwan ya tafi. Wannan ba na da ba ne ai.

Dan_Kallo

Hhh Sarkin Gardama ka ci sunanka. Na yarda da maganar tankaɗe, amma har yanzu akwai abin da ke damuna, yawan bayani. Jarumi yana fushi sai ya ce ina fushi, an nuna abu sai wani ya sake faɗa da baki.

Mai_Yanka_Hoto

Wannan kam gsky ne, kuma ina ga mu muka jawo. Fim ɗin da aka yi don sinima ya san kana zaune cikin duhu ba inda za ka, wanda aka yi don manhaja kuwa yana gasa da wayar da ke hannunka, dole ya maimaita don wanda ya ɗauke kai. Ga kuma masu kashi na biyu da na uku da na bakwai, ba a barin labari ya mutu, jarumin ma ka san ba zai mutu ba tunda an sanar da na gaba, to fargabar me za ka yi? Ka ce wa ƙanin naka ya gwada Seven Samurai na Kurosawa, 1954, ya fi awa uku, amma ka karɓe masa wayar tukuna, sai ka zo ka ba mu labarin a minti na nawa ya daina mita.