Filière da Hausa: darasi ne ran Alhamis

Mushe Sani: Ran Alhamis zan koyar da ƴan kwaleji darasin gizo-gizo, dangin Hersiliidae, waɗanda ke lafewa jikin gawo da bedi har ba a gane su da ɓawo. Na maƙale a yadda zan ce filière da Hausa, sunan Faransanci ne na gaɓar da zare ke fita. A wannan dangi gaɓoɓin nan biyu na baya kan kai tsawon cikin gizon gaba ɗaya.

Malama Hadiza: Yara na cewa mai wutsiya biyu. Kada ka bar su a kai, wutsiya ba ta fitar da komai. Galibin gizo-gizo shida gare su, jere uku, kowace da ƙananan bututu. Zaren ruwa ne a ciki, sai an ja shi yake daskarewa.

Baba na Birni: Mazari. Da shi kakanninmu suka yi kaɗi.

Malama Hadiza: Baba, mazari murɗa auduga yake, wannan tsatso take. Hantsa ta fi kusa. Amma in don juyi ne, gizon kansa shi ne mazarin: ba ya saƙa yanar kamu, sai ƙwaro ya taka ƴan zaren da ya shimfiɗa a ɓawo, ya juya masa baya, ya yi ta kewaya shi da gudu, gaɓoɓin nan biyu na zuba zare, ya ɗaure shi tamau kafin ya cije shi.

Ɗan Zango: Hantsa a gaban ƴan kwaleji? Ajin zai watse da dariya. Ku tambayi ƴan Kano mana.

Baba na Birni: Sai Kano ta sa hannu? Su da suka ba intanet yanar gizo, yanzu ka ce yana yaro ya lalubo waya. Hausar Damagaram ba aro ba ce.

Mushe Sani: Baba, a yi haƙuri, darasi nake nema. Matsatsar zare fa?

Malama Hadiza: Ta yi. Ka ƙara musu alama ta biyu: ƙafafu na jere na uku sun fi sauran gajarta nesa ba kusa ba. Hersilia caudata kuwa, ɗaya daga dangin, wadda masanin Faransa Audouin ya bayyana daga Masar a 1826, ka bar sunanta yadda yake.

Baba na Birni: Matsatsa ta yi nauyi a baki. Rubuta ta a allo, ni dai mazari zan ce.